Jar Motar da Ba Ta da Giya

Alhaji Mainasara ya yi shekara ashirin da ɗaya yana tuƙa fikof ɗaya. Da ita yake ɗibar gero da dawa daga kasuwar Shinkafi ran Alhamis, ya biya Moriki ya cike, ya sauke a shagonsa da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura. Bai taɓa jin motar ta yi masa kaɗan ba sai da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, ya samu kwangilar kai hatsi makarantun kwana, ya fara zaman barandar ofisoshi a Gusau yana jiran sa hannu.

A nan ne wata rana wani ɗan kwangila daga Kaduna, wanda a haife Alhaji ya haife shi, ya fito daga wata mota gajera kamar an danne ta da dutse. Masinjoji suka miƙe tsaye, maigadi ya ƙame. Maigadin nan kuwa shi ne da safe ya ce wa Alhaji ya zagaya da fikof ɗinsa ta baya, inda ake sauke kaya.

Alhaji ya tambayi wanda ke zaune kusa da shi, "Wagga wace irin mota ce?"

"Sifot ke nan, Alhaji."

Ya riƙe kalmar nan shekara uku bai faɗa wa kowa ba. A farkon shekara ta dubu biyu, 'yan kwanaki bayan an fara aiki da Shari'a a jihar, ya kira Bilyaminu, ƙanen matarsa Saude, wanda ke shigo da motoci daga Kwatano ta Maraɗi da Jibiya. Tsakaninsu akwai wasa irin na ƙanen mata da mijin ya, kuma Bilyaminu ba ya raga masa.

"Sifot nika so," in ji Alhaji. "Ja."

Bilyaminu ya dubi tumbin Alhaji, ya daɗe yana dubansa. "Yaya Alhaji, da kai za a shiga ko da wakili?"

"Kai dai kawo."

Saude ta ji su daga tsakar gida tana tankaɗe. Da ƙanenta ya fita ta ce, "Alhaji, duk dillalan da ke Gusau ba su ishe ka ba sai Bilya? In abin ya ɓaci ni za ku sa a tsakiya." Ya ce babu abin da zai ɓaci.

Bayan sati biyar motar ta iso. Ja ce ƙwarai, ƙofa biyu, hancinta kusan yana shafar ƙasa. Fitilunta a ɓoye suke, sai an danna wani maɓalli su ɗago kamar kwaɗo ya farka. A baya akwai wani ɗan wuri da aka kira kujera, wanda ko ɗan akuya sai ya naɗe ƙafa. Unguwa ta taru. Alhaji ya tattare babbar riga, ya sunkuya, hularsa ta bugi rufin motar ta faɗi. Ya miƙa wa Bilyaminu hular, ya shiga da baya, ya jawo ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina kuloci?" ya tambaya yana lalube da ƙafar hagu.

"Babu. Atomatik ce. Ka taka birki, ka ja wanga abin zuwa nan, ka saki. Ita ka yi sauran."

Motar ta tashi sumul. Mutane suka yi kabbara. Da ta ɗan ɗau gudu, kunnen Alhaji ya gaya masa lokacin sa giya ta biyu ya yi, ƙafar hagunsa kuwa ta yi abin da ta saba shekara ashirin da ɗaya: ta taka da dukkan ƙarfinta. Birki ta samu. Goshin Alhaji ya gaisa da gilashi, awakin da ke gefen hanya suka watse.

Duk da ƙullutun da ke goshinsa, kwana huɗu Alhaji ya yi cikin daɗi. Ya kai ta masallacin Juma'a. Ya kai ta bakin gadar Gagare ya dawo ba tare da wani dalili ba. Sai a rana ta biyar ya kai ta garejin Maitama a duba masa mai.

Maitama shi ne babban makaniken Ƙaura. Ya tuƙa manyan motoci zuwa Legas tun ana yi wa hanyar kirari da ramuka, kuma shi ya rayar da fikof ɗin Alhaji sau uku bayan kowa ya yi mata ta'aziyya. Ya zagaya jar motar hannuwansa a baya, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya ƙirga abin takawa: ɗaya, biyu. Ya sake ƙirgawa.

"Alhaji, mi anka ce maka sunanta?"

"Sifot."

"Wagga ba sifot ba ce. Rigar sifot anka sa mata. Sifot babu kuloci? Can Turai tsohwahhin mata ka tahiya asibiti da irinta."

A gaban direbobi takwas ya faɗi haka, kuma kafin la'asar maganar ta kai tasha. Alhaji ya yi dariya a wurin, amma da ya koma gida bai ci tuwo da yawa ba.

Abin da ya ƙarasa shi a Moriki ya faru. Ya je kasuwa da jar motar don abokan cinikinsa su gani, ya ɗago mata idanu da rana tsaka, ya kunna kaset ɗin wa'azi, ya bar ta haka ya shiga rumfunan hatsi. Bai fito ba sai bayan azahar. Ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat, ta yi shiru.

Wannan ba abin damuwa ba ne ga wanda ya san fikof. Alhaji ya ɗaga hannu, masu dako shida suka zo suka tura. Suka tura ta daga layin 'yan gero har kara, inda ake sayar da shanu. Ya ja abin giyar ya kai nan, ya kai can, motar ba ta ko yi tari ba. Fulani suka jingine sandunansu suka kama. Aka mai da ita inda aka faro, aka sake. Wani dattijo ya ba da shawara a gwada da baya. A zagaye na huɗu mutum goma sha tara ne ke turi, Alhaji na ciki ba hula yana gumi, kasuwa ta daina ci tana kallo. Daga ƙarshe wani direban motar shanu ya sauko ya leƙa ta taga ya ce, "Alhaji, ko Sakkwato za ku kai ta da turi ba ta tashi. Irin wagga ba a tura ta." Ya ciro batirinsa, ya haɗa waya, ta tashi nan take kamar ba ita ba.

Washegari Alhaji ya aika wa Bilyaminu ya zo ya ɗauki motarsa. Bilyaminu ya aiko cewa shi bai da mota a gidan Alhaji, ya dai san yayarsa na can. Alhaji ya ce to sai kotu.

Saude ta ce, "Alhaji, yanzu Moriki kaɗai ta sani. In ka je kotu har Zurmi sai an ji."

"A ji. Yanzu Shari'a ta zo, kowa a ba shi haƙƙinai."

Lokacin kuwa haka ake ciki. Rigimar da da dattawan unguwa ke kashewa a kan tabarma, yanzu kowa so yake a buɗe masa littafi.

Alƙalin da ƙarar ta faɗa hannunsa sunansa Malam Maccido, mutumin Zurmi, ɗan siriri mai farin gemu, wanda aka sani da ilimi da kuma rashin gaggawa. Shan-inna ya taɓa ƙafarsa ta hagu tun yana ƙarami, don haka da sanda yake tafiya, kuma kullum a bayan ɗan kabu-kabu yake zuwa kotu. Ranar zaman ɗakin ya cika har tagogi. Direbobin tasha sun bar lodi sun zo. An ajiye jar motar a gindin dalbejiyar harabar, kusa da fikof, domin Alhaji ya rantse ba zai sake shigarta ba, Bilyaminu ne ya tuƙo ta.

Alƙali ya ce mai ƙara ya faɗi ƙararsa.

"Allah gafarta Malam, na aiki wanga yaro ya kawo mani mota. Ya kawo ta babu giya."

Malam Maccido ya cire tabarau, ya goge da bakin rawani.

"Alhaji, ka san inda kake?"

"Na sani, Allah gafarta Malam."

"Wata biyu ke nan da anka hwasa kwalabe a jihag ga. Kai kuma ka zo gabana, da gemunka, kana ƙarar mutum don bai kawo maka giya ba."

Magatakarda ya matso ya raɗa masa cewa giyar mota ake nufi.

"Na gane," in ji alƙali. "So nike a rubuta ta da kyau, kada jikokinai su karanta ta da wata ma'ana bayan mun mutu."

Da dariya ta lafa, ya juya ga Bilyaminu.

"Allah gafarta Malam, tana da giya, har huɗu. Ita ka sa abinta da kanta, ba a gani."

"Wato a ɓoye."

"A ɓoye, Allah gafarta Malam."

"Wannan ma mun san irinsu," in ji alƙali. Ya bari aka gama, sannan ya gyara zama ya yi bayani da gaske. Ya ce hukuncin ba shi da wuya: idan mai saye ya ambaci siffar abin da yake so, aka kawo masa abin da ba shi da wannan siffa, yana da ikon mayarwa. Alhaji ya ce sifot, Bilyaminu bai musa ba. Saura abu ɗaya kotu ta sani, mene ne sifot. Ya ce ya duba littattafansa jiya, ya ga bayanin aibin raƙumi da na doki da na baiwar Allah akuya, bai ga wannan ba.

Aka fara da ma'anar kalmar. Akwai wani Malam Anas, mai koyar da Turanci a wata sakandare, wanda ya zo kallo, aka ce ya taso. Ya ce kalmar asalinta wasa take nufi, irin su ƙwallo da tsere.

"To in an haɗa ta da mota?"

Malam Anas ya ce, "Motar wasa ke nan, Allah gafarta Malam."

Alƙali ya dubi Alhaji ta saman tabarau. "Shekarunka nawa, Alhaji?"

"Hamsin da huɗu."

"A rubuta."

Alhaji ya yi sauri ya ɗaga hannu. Ya ce yana da shaida, masani, aka kira Maitama. Maitama ya zo da wankakkiyar riga, amma baƙin mai na nan a faratansa. Alƙali ya ce ya lissafa wa kotu sharuɗɗan sifot ɗaya bayan ɗaya, yadda ake lissafa sharuɗɗan alwala.

Maitama ya fara naɗe yatsu. Ƙofa biyu. Babu kujerar baya ta kirki. Giyar hannu da kuloci. Tayun baya su ke tura ta. Kuma in tana tafe, a ji ƙararta tun ba a gan ta ba.

"Su ke nan?"

"Su na manya."

Bilyaminu ya ɗaga hannu, aka ba shi izini. "Allah gafarta Malam, a dubi taga."

Kowa ya dubi taga. Fikof ɗin Alhaji na tsaye a gindin dalbejiya, ƙyaurenta na baya ɗaure da igiya, ragowar ƙaiƙayi a cikinta, kaza na tone a ƙarƙashi.

"Ƙohwa nawa gare ta? Biyu. Kujerar baya? Babu. Kuloci? Maitama da kainai ya canza mata sau bakwai. Tayun baya ka tura ta. Ƙara kuwa, in ta baro Moriki matanai ka aza tukunya. Ashe Yaya Alhaji ya shekara ashirin da ɗaya cikin sifot bai sani ba."

Sai da magatakarda ya buga tebur sau uku. Maitama bai yi dariya ba. Ya jira aka yi shiru, sannan ya yi magana a hankali, ba kamar yadda yake yi a gareji ba.

"Allah gafarta Malam, ni ban iya zancen kotu ba. Amma na san abu guda. In kana tuƙi da giyar hannu, kai da mota magana kuke. Ka ji numfashinta a ƙahwarka, ka ce mata yanzu, ta yi. In ka yi kuskure ta mutu a hannunka kowa ya gani, in ka yi daidai kai kay yi. Sifot don wanga daɗin anka yi ta, ba don kai kaya ba. Wagga kuwa ba ta shawara da kowa. Kai dai ka zauna kamar buhu."

Direbobin da ke taga suka gyaɗa kai. Bilyaminu ya ce shi abin da ya sani, sifot ita ce mota mara nauyi, mai ƙarfin inji, mai kama ƙasa a kwana, wadda in ka taka ta ba ta tambayar ka ko ka tabbata. Ya ce ko da hannu aka sa giya ko da aljani, gudu dai gudu ne.

Malam Maccido ya ce ya ji duka biyun, kuma ba zai yi hukunci a kan abin da bai gani ba. Ya ɗauki sandarsa. Kotu ta tashi ta koma gindin dalbejiya.

Aka yi gardamar wanda zai tuƙa. Mai ƙara ya rantse ba ya shiga, wanda ake ƙara kuma ba a yarda ya keɓe da alƙali ba. Ya rage Maitama. Ya shiga yana ɓata fuska kamar an ba shi magani. Alƙali ya miƙa wa magatakarda sanda, ya dafe rawaninsa, ya zauna a gefe cikin sauƙi, domin shi ba shi da tumbi.

Suka hau hanyar Shinkafi. Sau biyu ƙafar hagun Maitama ta zabura, sau biyu ya kama ta da hannu ya mayar. Da suka wuce gidajen ƙarshe, hanya ta miƙe fayau tsakanin gonakin da aka share ana jiran ruwa, sai ya yi niyyar kunyata motar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, duba ka ga ragwanci," ya take totur har ƙasa.

Motar ta yi kamar ta ja numfashi, ta sauke wa kanta giya, ta yi wani gurnani, ta manna su da kujera. Itatuwa suka fara wucewa a haɗe. Wani mai amalanke da suka hango can nesa, kafin a ce mene ne ya zama tarihi. Malam Maccido ya fara addu'ar shiga abin hawa, ya tsallaka zuwa ta tsoro, ya dawo kalmar shahada. Jelar rawaninsa ta fita ta taga tana kaɗawa. Ga kwana ta taho, irin wadda fikof ke shiga da salati. Maitama ya ɗan saki, ya karya sitiyari, motar ta bi ta kamar an zana mata layi.

Ya tsaya a gefen hanya. Injin na ta huci.

"To?" in ji alƙali.

"Tana da gudu," in ji Maitama. Ya dubi hannunsa na dama, wanda bai yi aikin komai ba. "Amma ba ni niy yi shi ba."

Alƙali ba hannun yake kallo ba. "Maitama, wagga ƙahwa taka ta hagu, tun da munka taso mi ta yi?"

"Ba ta yi komi ba. Abin da nika hwaɗi ke nan."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Ko babu ita ma..." Sai ya katse, domin ya tuna da wanda yake yi wa magana.

Malam Maccido ya ce lokacin da yake saurayi yana karatu a Sakkwato, ya taɓa roƙon wani direba ya koya masa mota. Direban ya dubi ƙafarsa ya ce kuloci ba ya son gardama, ya je ya riƙe littafi. Shekara arba'in ke nan. Tun daga ranar bai sake zama a bayan sitiyari ba, ko da wasa.

"Akwai hilin ƙwallo bayan makarantar can," in ji shi. "Kotu na buƙatar ƙarin bincike."

Mutanen da ke jira a harabar kotu suka ga an daɗe, suka bi sawu a ƙafa da kan babura. Abin da suka tarar shi ne jar mota tana zagaya filin ƙwallo a hankali kamar mai ɗawafi, alƙali a sitiyari, rawani ya karkace, Maitama a gefe yana riƙe da birkin hannu yana cewa, "Sannu, Allah gafarta Malam, sannu, ga raga nan." Ya yi zagaye tara. A na shida ya gano maɓallin fitilu, motar ta ɗago idanu, aka ji dariyarsa daga bakin fili. Tsofaffin ma'aikatan kotu suka ce ba su taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan.

Alhaji Mainasara na tsaye yana kallo. Ya ji wani a bayansa yana cewa, "Kai, motag ga ta yi." Wani ya ce, "Ta Alhaji Mainasara ce." Ya gyara tsayuwa.

Da aka koma ɗaki, Malam Maccido ya zauna, ya daidaita rawani, fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce ya saurari shaidu, ya ga abin da ake jayayya a kai da idonsa. Ya ce a fahimtarsa Maitama ya faɗi gaskiya, Bilyaminu ma ya faɗi gaskiya, kuma da alama waɗanda suka ƙera motar ma ba su gama shirya wannan magana a tsakaninsu ba. Amma ba zai yanke hukunci ba.

"Ba ya halatta alƙali ya yi hukunci zuciyatai na cikin abin. Tawa ta shiga. In na ce a mai da mota, ban sani ba ko don in bi Bilyaminu in taya ta ne. In na ce kada a mai da, ban sani ba ko don in burge mai ita ya ba ni aro. Za a tura ku gaban wani alƙali, wanda Allah ya ba ƙahwahu biyu."

Alhaji ya miƙe da sauri. "Allah gafarta Malam, na janye ƙara."

Bilyaminu ma ya miƙe. "Allah gafarta Malam, ni kuma na amince da ƙarar. Ya ba ni motata. Tun daga hilin ƙwallo zuwa nan mutum uku sun yi mani magana."

"Motarka? Ba kai kac ce ba ka da mota gidana ba?"

"Sannan ba sifot ba ce. Yanzu kotu ta hau ta."

Suka kaure, kowa ya koma yana kare abin da ɗayan ya zo da shi da safe. Alhaji na rantsuwa babu sifot kamarta daga nan har Kaduna, Bilyaminu na tuna masa cewa ba a tura ta. Alƙali ya bar su suka yi mai isarsu, sannan ya ce mai ƙara ya janye, babu sauran ƙara, kowa ya tafi gida. Ya ƙara da cewa Bilyaminu ya tsaya bayan an watse, akwai tambayar da ba ta kotu ba. Kafin damina ta tsaya, an kawo wa Malam Maccido wata tsohuwar atomatik fara mai ƙofa huɗu, ya riƙa zuwa aiki da ita a gudun da mai keke ke wuce shi ya yi masa sallama.

Maitama bai canza ra'ayi ba. Har yau in aka tambaye shi zai ce ba sifot ba ce. Sai dai ya yi tafiyar sati biyu zuwa Kano, ya ce gaisuwar mutuwa, ya dawo da littafi mai zanen cikin giyar atomatik da wata jarkar jan man da ake zuba mata.

Alhaji kuwa ya koyi naɗe ƙafar hagu a ƙarƙashin kujera. Da aka yi haihuwa a dangin Saude a Zurmi, ta ce ita ma a jar mota za ta je suna, tunda saboda ita aka kusa raba ta da ɗan'uwanta. Ta shiga da lulluɓinta, ta ɗora kwanon cincin a cinya, aka cusa turmin atamfa da sabulai a ɗan wurin baya. An yi ruwa da asuba, gero ya fara tsiro, hanya ta yi sanyi.

Kusa da Dauran suka tarar da 'yan sa-kai masu duba motocin haya, don a tabbatar maza ba su cakuɗa da mata ba. Shugabansu, wani mai ladabi da allon rubutu a hannu, ya sa aka gitta igiya, ya tsai da su. Bai taɓa ganin irin motar ba, kuma ga mace a gaba, kafaɗarta na gogar ta direba.

"Salamu alaikum. Alhaji, a yi haƙuri, mi ya sa Hajiya ba ta zauna baya ba?"

"Duba bayan," in ji Alhaji.

Mutumin ya leƙa, ya ga wurin, ya yarda. "To, Hajiya, a gahwarce ni. Mijinki ne?"

Saude ta juya ta dubi Alhaji daga sama har ƙasa: kai ba hula, baƙin tabarau da ya saya a Gusau, ƙafa ɗaya a naɗe kamar zalɓe.

"Wallahi ɗana, ni dai mai gero anka aura mani, mai fikof. Wanga ban daɗe da saninai ba."

"Saude!"

Mutumin ya rasa abin da zai rubuta. Abokan aikinsa suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Sai da wani mai babur ɗan Ƙaura ya tsaya ya shaida cewa shekara ashirin ke nan yana ganin su gida ɗaya, sannan aka ɗage igiya.

Alhaji ya ja mota suka yi nisa. Saude ta buɗe kwanon, ta ɗauki cincin ɗaya ta ci.

"An ce tana da gudu," ta ce. "Ni tun ɗazu ban ga komi ba. Za a raɗa suna ba mu kai ba."

Ya dube ta, ya dubi hanya. Babu kowa sai wasu shanu can nesa a gefen gona.

"Riƙe kwanonki," in ji shi.

Sun isa Zurmi liman bai ko zauna ba. Rabin cincin ɗin a ƙarƙashin kujera aka tsince shi, kuma da za su dawo Saude ta ce ita a motar haya za ta bi 'yan'uwanta mata.